Wane Baƙin Mai Zan Zuba wa Motar Marigayi?

Assalamu alaikum mai gabatarwa, da fatan kai da masu sauraro kuna lafiya. Ni malamar makaranta ce daga Ƙofar Kuyambana, cikin birnin Zariya.

Maigidana ya rasu bara, ya bar mini tsohuwar motarsa. Da ita nake zuwa aiki, ina kwasar ɗalibaina mata a hanya. Tsawon zamanmu shi yake yi mata juyen baƙin mai da hannunsa. Baƙin man kuwa a wata jarka marar tambari yake ajiye shi, ban taɓa tambayarsa wane iri ba ne.

Da man ya ƙare na je unguwar Tukur-Tukur saye. Mai shago ya ce, "Hajiya, wannan tsohuwa ai sai mai kauri." Wani bakanike a gefe ya yi dariya ya ce, "Kai dai kana neman ciniki. Marar kauri za ki zuba, Malama." Na bi shawarar bakaniken. Tun ranar motar ke hayaƙi, ƙarar injin ma ta canza.

Na kira ɗana a Legas, ya ce, "Umma, ki sayar da ita kawai." Ba zan iya ba, surutun yaran nan da safe shi ne hirar da ta rage mini.

Don Allah masana, wane mai ya dace da injin da ya tsufa? Ina kusa da rediyo ina jira, don a gidan nan babu wanda zan juya in tambaya.