Ba Temjana Ce Ta Kawo Ƙudan Ba

Jawabin Ratka Gavrilova, mai kula da ɗakunan shuka, a babban taron ƙungiyar manoma, a zauren ƙauye kusa da Strumica.

Mai girma shugaban wannan ƙungiya tamu, Metodija Pecev, Fada Naum, limamin cocinmu, wanda ya ajiye hidimarsa ya zo ya zauna da mu, jami'in hukumar magunguna da ya taso tun daga Skopje babban birninmu, ɗan sandan da ke bakin ƙofa yana yi kamar ba ya saurare, 'yan kwamiti, iyayena mata da iyayena maza, yayyena da ƙannena, ma'aikatan ɗakunan shuka da na ɗakin busarwa: barkanku da zuwa, barkanmu da ganin wannan Asabar lafiya.

Ina godiya ga shugaba da ya ba ni minti goma sha biyar. Zan ci ashirin, ya yi haƙuri, ya san halina tun muna makaranta. Ina godiya ga matan da suka bar gashin tattasai a tsakiyar kaka suka zo, domin na san abin da barin murhu yake nufi a wannan wata. Ina kuma godiya ga duk wanda ya yi mako shida yana durƙuso tare da ni a kan tukwane, har gwiwa ta yi kanta.

Abu biyu ne suka tara mu. Na ɗaya, in ba ku labarin ƙudan da ya shiga ɗakunanmu. Na biyu, takardar da ke gaban shugaba, wadda kwamiti ya rubuta yana neman ku ɗaga hannu a kori Yaya Temjana Kostova daga aiki. Ga ta can a layin baya, da baƙin ɗankwali, ta ƙi zama tun da aka fara. Shekararta sittin da ɗaya, saura biyu ta huta. Kun kuma sani, wanda aka kora daga gida mai lasisi saboda karya dokar tsafta, babu wani gida mai lasisi a ƙasar nan da zai buɗe masa ƙofa. Ni a ganina maganar nan guda ce, ba biyu ba, kuma haka zan yi ta.

Na farko, mu san abokin gabarmu. Shekara huɗu ke nan da gwamnati ta ba mu izinin noman wiwi domin magani. Kafin nan mu manoman tattasai ne da tumatir, 'ya'yan manoman tattasai da tumatir, mun san fara, mun san tsutsa, mun san ƙanƙara. Wannan ɗan baƙin ƙuda mai siffar sauro, wanda bai kai ƙwayar riɗi biyu ba, mun raina shi. Ba ya cizo, ba ya cin ganye, tashinsa ma kamar na mashayi ne. To, ba shi ne ɓarawon ba, 'ya'yansa ne. Macen tana neman ƙasa mai laima, ta zuba ƙwai a samanta. Bayan 'yan kwanaki tsutsa ta fito, fara mai baƙin kai, ta sauka tana cin ƙananan saiwoyi, waɗanda shuka ke shan ruwa da su. Sai ganye ya yi yaushi. Sai manomi ya ce ƙishi ne, ya ƙara ruwa. Sai uwar ƙuda ta gode masa, ta ƙara ƙwai.

A ɗakin uwaye abin ya fi muni, ɗakin da muke ajiye manyan shuke-shuken da ake yankar rassa daga jikinsu ana dasawa. Uwa arba'in muke da su. Shida sun mutu a hannuna, kuma ba zan ɓoye muku ba, ranar da na tuge ta shida na ga saiwarta ta zama kamar tsohon zare, na shiga banɗaki na yi kuka.

Wasu daga cikinku sun ce mini, "Ratka, wai me kike jira? Ɗauko famfo ki yi feshi mana, kamar yadda muke yi wa tumatir!" Na ce a'a, yau ma a'a nake cewa, gobe ma haka. Abin da muke nomawa ba na kasuwar Talata ba ne. Marar lafiya ne zai sha shi, wanda ciwo ya riga ya cinye. Ba zan ɗura masa guba don in huta da ƙuda ba, ko da ɗakin gwaji ba zai gano ba, balle zai gano.

Na biyu, abin da muka yi. Mun hana ba da ruwa daga sama, sai dai a zuba a farantin da ke ƙarƙashin tukunya, saiwa ta ja abinta. Mun bar saman ƙasa ya bushe zurfin gaɓar yatsa biyu, domin ƙwan ƙuda ba ya rayuwa a busasshiyar ƙasa. Mun shimfiɗa wankakken yashi a bakin kowace tukunya. Mun kakkafa takardun danƙo masu ruwan ɗorawa, launin da ƙudan ke mutuwar so, ya sauka ya maƙale. Mun yanka ɗanyen dankali muna kifawa a kan ƙasa, bayan kwana biyu mu ɗaga mu ga ko tsutsa ta taru. Muka kuma sayo wasu halittu da ido ba ya gani, ana dama su a ruwa a zuba, su bi tsutsar har raminta su kashe ta, ba su taɓa shuka. Vančo mai gadi ya ce mini, "Wato yanzu tsutsa muke saye don ta ci tsutsa? Gobe kuma sai a sayo mana ɓarawo ya yi gadi!" Na ce masa ai shi mun daɗe da sayowa.

Ku saurari sakamako. A makon farko, takarda ɗaya a ɗakin uwaye ta kama ƙuda sama da ɗari uku. A wannan mako ta kama goma sha ɗaya. Daga ƙwai zuwa ƙwai, rayuwar wannan ƙwaro ba ta wuce mako uku zuwa huɗu. Ku ba ni wata biyu ba tare da an karya tsari ba, zan kawo muku takarda a wannan zaure ku ga launinta tsaf. Ba fata nake yi ba, na gani da idona yana ja da baya.

Na uku, Yaya Temjana. Abin da kwamiti ya rubuta gaskiya ne. Kyamara ta ɗauke ta ranar Lahadi da safe, da 'yar buta a ƙarƙashin rigar aiki, tana bin uwaye ɗaya bayan ɗaya tana tsiyaya musu ruwa daga sama, bayan na hana. Ba sau ɗaya ba. Na kira ta ofis raina a ɓace, na ce, "Yaya, me ya kai ki?"

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke Ratka, tun kina tsotsar yatsa nake renon tattasai. Ƙasa ta tsattsage kamar dugadugan tsohuwa, ganye ya sunkuyar da kai, ki ce in wuce in rufe ido? Abin da aka koya muku a Skopje ke nan?"

Na ce, "Ai na liƙa takarda a bango."

Ta ce, "Na gani. Ta ce kar a ba da ruwa. Ba ta ce don me ba. Ni jaka ce da za a ce tsaya in tsaya?"

Jama'a, gaskiyarta ce. Na ba da umarni, ban ba da dalili ba, kuma na ba da shi ga matar da ta yi shekara arba'in tana ceton shuka da ruwa. Sai na kama hannunta na kai ta ɗakin, na ɗaga yankan dankali, na miƙa mata madubin ƙara girma. Ta ga tsutsotsin suna motsi. Ta yi alamar gicciye, ta ce, "Wayyo Allah, ashe ni nake shayar da su." Tun daga ranar, babu wanda ya kai ta tsare dokar nan, har ni.

Na huɗu, kuma a nan nake roƙon kowa ya gyara zama. Ruwan Temjana ya ciyar da ƙudan, amma ba ruwanta ne ya haife shi ba. Ɗakunanmu a rufe suke, iskarsu tatacciya ce, ƙasar da muke saye dafaffiya ce. To ta ina ya shigo? Na ɗauki takardun danƙo na jera su a doguwar barandar gininmu, taku biyar biyar, tun daga ƙofar ɗakin uwaye har waje. Bayan kwana uku na bi su. Ta farko ƙuda kaɗan. Ta biyu sun fi. Ta uku sun fi. Ina tafiya suna ƙaruwa, har suka kai ni inda takarda ta yi baƙi ƙirin. Kun san ina? Ɗakin shan gahawa, jikin ɗakin canza kaya.

Akwai tukwanen ɗoɗɗoya bakwai a kan tagar ɗakin nan. Kowa ya san su. Uwargidan shugaba ce ta kawo su daga gonarta da ƙasar gonarta ranar da aka buɗe ginin, kuma da reshensu Fada ya yayyafa mana ruwan albarka. Fada, ka gafarce ni, ba albarkar nake zargi ba. Abin da nake zargi shi ne abin da muke yi kullum da ƙarfe goma. Mu sha gahawa, Pavlina abokiyar aikinmu ta kifa kofi ta yi mana duba da guggubinsa, wa zai yi aure, wa zai yi tafiya, sannan kowa ya kwashe guggubin ya juye a gindin ɗoɗɗoya, domin haka muka ga iyayenmu suna yi. Mutum talatin, kofi talatin, kullum, shekara huɗu. Na tona ƙasar da cokali, sai ga ta tana motsi. Daga nan ƙudan ke bin gashinmu da wuyan rigunanmu, mu da kanmu mu buɗe masa ƙofa da katinmu na shiga.

Na juye nawa a can. 'Yan kwamiti sun juye. Shugaba, kai kofi biyu kake sha, na sha ganin ka. Ba na faɗi wannan don in kunyata kowa ba, al'ada ce mai kyau a tagar gida. Amma idan yau za a kori wanda ya ciyar da ƙuda, to a kawo takarda talatin, a fara da tawa. Idan kuwa mace ɗaya za mu kora don mu koma gida da sanyin zuciya, to ku sani mun kori wadda aka kama ne kawai, mun bar dalilin yana zaune. Tukwanen dai na mayar wa uwargidan shugaba jiya, ta karɓa, ba ta yi mini magana ba tukuna.

Saboda haka ba afuwa kawai nake nema wa Temjana ba. Ina neman a ɗora ta a kan ban ruwa na ɗakin uwaye gaba ɗaya. Na ga wasu sun yi dariya. To, ga tukwane biyu a kan teburin nan. Tattasai ne a ciki, domin doka ba ta yarda in fito da wiwin ba, ga ɗan sanda kuma yana kallo, amma ƙasar iri ɗaya ce, kuma an rufe samansu da yashi yadda ido ba zai gane komai ba. Na auna laimarsu da na'ura da safen nan, na rubuta, na ba jami'in hukuma takardar a naɗe. Ni kaɗai na san abin da ke ciki.

Yaya Temjana, taso. Taso mana, ba yanka ki za a yi ba. Ku ba ta hanya. Ɗaga su ɗaya bayan ɗaya ki ji nauyinsu, ki gaya wa jama'a wacce za a ba ruwa.

Na baya, kun ji ta? Bari in maimaita muku. Ta ce ta hagu a bar ta sai jibi. Ta dama gobe da hantsi, rabin kofi, kuma ta ƙasa. Ta ce yau kam kada wanda ya kuskura ya ba ko ɗaya ruwa, in ba haka ba shi da ita.

Ranka ya daɗe jami'i, buɗe takardar ka karanta da ƙarfi. Madalla. Kun ji, na'ura ma abin da ta ce ke nan, sai dai ita ba ta san rabin kofi ba.

Wannan ita ce matar da ake so ku kora saboda yawan ban ruwa. Ta tsaya gaban ƙauye duka, aikinta yana kan tebur, ta ce kada a ba da ruwa. Shugaba, yanzu sai ka kira ɗaga hannu. Nawa yana ƙasa, kuma a ƙasa zai zauna.

Allah ya albarkaci wannan taro da waɗanda suka taru. Allah ya ba marasa lafiyar da ke jiran aikinmu sauƙi, ya tsare hannuwanmu daga cutar da su. Allah ya raya uwaye talatin da huɗun da suka rage. Allah ya ba shugabanninmu zuciyar da ke iya janye takarda, ya ba mu duka haƙurin barin ƙasa ta bushe idan bushewar ce alheri. Allah ya mayar da baƙonmu Skopje lafiya, ya mayar da kowa gidansa lafiya, ya kuma nuna mana Litinin da safe Yaya Temjana tana buɗe ƙofar ɗakin uwaye da katinta.

Na gode.