Maigadin Banki

A ɗakin jira na wani gareji a hanyar Pleasant Garden, can ƙasar waje, talabijin na nuna tsohon fim marar kala na fashin banki. Raihana ta ji dattijon da ke gefenta ya ja tsaki ya ce da Hausa, "Rashin imani."

"Baba, ashe ɗan gida ne? Ai a kan fim ɗin nan nake rubuta thesis, kundin digirina. Sau tara na kalle shi."

"To faɗa mini, 'yata. Sun harbe maigadi, kyamara ta bi motarsu. Shi fa?"

"Ba shi ne labarin ba, Baba. Labarin ɓarayin ne, yadda talaucin ƙaramin gari ya matse su."

"Shi maigadin attajiri ne? Mutum kwance a bakin ƙofa, ana tsallake shi kamar buhun gero, ko mai lulluɓe shi babu. Yaya sunansa?"

Raihana ba ta taɓa neman sunansa ba.

Aka kira dattijon, motarsa ta gyaru. Da ya miƙe, jaket ɗinsa ta buɗe, ta ga rigar gadi da bajo a ƙirjinsa.

"Ni sunana Adamou," ya ce. "Ki rubuta."