Malam Abdulƙahhar da Itatuwan da Suka Zama Dutse

Mai girma Mai Unguwa, Allah ya ƙara maka lafiya. Malam Liman, Rabaran Tochukwu, Shugabar makarantarmu, malamai da tsofaffin ɗalibai. Hajiya Bintu, mai ɗakin marigayi, da ke sauraro daga cikin gida saboda takaba, da 'yarsa Mahbuba, da jama'ar Rijiyar Lemo: assalamu alaikum.

Sunana Cyprian. A Sabon Gari aka haife ni, kuma shekara ashirin da biyu muna koyarwa a sakandare ɗaya da Malam Abdulƙahhar, shi labarin ƙasa, ni lissafi. An ce in yi magana a madadinmu duka. Ina neman afuwa tun yanzu, domin akwai abin da zan faɗa wanda ba zai yi wa kowa daɗi ba.

Malam ya kasance mai sanyin murya, har ɗalibai kan matso gaba don su ji shi. Ya kasance mai gudun rigima. Sau ɗaya muka ga ya shiga faɗa da ƙafarsa, kuma bai fita ba har Allah ya karɓi ransa.

Wata Asabar, shekara shida da suka wuce, muka shiga kasuwar Sabon Gari sayen fenti. Sai ya ja ya tsaya gaban rumfar da ake sayar da duwatsun ƙawata tsakar gida. Ya ɗauki guda, ya nuna mini.

"Cyprian, ka ga ɓawo? Ka ga inda reshe ya fito?"

Na ce, "Malam, ai dutse ne."

Ya ce, "Yanzu dutse ne. Bishiya ce da ta tsiro shekaru miliyoyi da suka shuɗe, ƙasa ta binne ta, a hankali ta zama haka."

Da ya tambayi mai rumfar daga ina ake kawo su, sai aka ambaci ƙauyen mahaifin Malam, can arewa maso gabas.

Na raka shi ƙauyen. A gangaren tudun bayan gari muka tarar da gungumen itatuwan a kwance, wani ya fi bas tsawo, ana farfasa su da guduma ana lodawa a tifa. Malam ya je ya tsaya a gaban motar. Direba ya leƙo ya ce, "Baba, kauce, birkina ba shi da kyau."

Malam ya ce, "To kashe injin."

Mai sayen duwatsun ya iso a fusace. "Kai da ka zama Bakano, ina ruwanka da duwatsun daji?"

Malam ya ce, "In ka ɗauke shi daga inda yake kwance, ba mai iya gane shekarunsa, ko irin dajin da aka taɓa yi a nan. Kai ado ka gani. Mutanen garin nan tarihin ƙasarsu ne za su rasa, kuma ba a sake yin wani."

Tun hantsi yake tsaye a rana har la'asar, sai da dagaci ya zo ya sa aka sauke kayan.

Ya kasance mai cika abin da ya fara. Ya kai masana daga jami'a suka auna wurin. Rabin tudun gonarsa ce ta gado, ya kewaye ta da waya, ya hana kansa nomanta. Ya shigar da takardun neman gwamnati ta kare wurin. An sha kiransa a waya ana yi masa barazana, bai taɓa gaya wa Hajiya ba, mu yake gaya wa. Ciwon zuciya ya ɗauke shi kwana arba'in da suka wuce, amsar takardun ba ta fito ba.

Yanzu ga abin da na nemi afuwa a kansa. Ran Talata dagaci ya kira ni: an yanke wayar, tifa biyu sun shiga. Kuma tun ranar sadakar uku wani ya zauna a tabarmar nan, ya yi ta'aziyya, sannan ya aika wa Hajiya cewa ta sayar masa da gonar. Mutumin yana nan cikinmu, yana ji na. Ba zan kama sunansa ba. Amsar da Hajiya ta ba Mahbuba ta kai masa kawai zan maimaita: "Ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba. Ko ta bushe, abin da ya gaya maka shi ne: gonar ba ta sayarwa ba ce."

Hajiya, kin yi naki, saura namu. Ba za mu bar ki ke kaɗai ba.

Mahbuba, takardun babanki suna hannunki, ki riƙe su da kyau. Mai Unguwa ya yarda zai haɗa mu da wasiƙa zuwa ga hukuma. Ran Alhamis bayan sallar asuba bas zai tashi daga ƙofar gidan nan, mu je mu ɗaure wayar, mu zauna a wurin har hukuma ta amsa. Liman ya ce zai je. Rabaran ya ce zai je. Wanda Malam ya taɓa koya wa karatu, akwai kujerarsa.

Mun gode wa duk wanda ya baro shagonsa ya zo. Allah ya jiƙan Malam Abdulƙahhar, ya haskaka kabarinsa, ya ba iyalinsa haƙuri. Wanda ke da mugun nufi a kan wannan tudu, Allah ya shirye shi kafin Alhamis. Mu kuma, Allah ya kai mu lafiya, ya ba mu zuciyar tsayawa. Amin.