Ciwon yana baki, tushensa yana ciki

'Yan'uwa, salama a gare ku cikin sunan Yesu Almasihu. Ni ne Ishaku, mai walda a unguwar da ake kira Madinar Masana'antu.

Ba zan ɓoye muku ba, tun kafin ciwon nan na yi sanyi a bangaskiya. Ranar Juma'a, ranar hutunmu a ƙasar nan, kuna taruwa sujada a ɗakin nan na unguwar Bani Malik, ni kuwa ina kwance ina latsa waya.

Sai ƙuraje suka feso mini a baki. Su kumbura, su fashe, leɓɓana su yi ɓawon jini. Na shafa magani iri-iri, shiru. Maƙwabciyata Hajiya Sakina, Bahaushiyar Sudan, ita ke dama mini kunu marar tsami. Wata rana ta ce, "Ɗana, wannan ya wuce zafin ciki. Yalla, tashi maza sai asibiti!"

A bencin asibiti na so in yi addu'a, baki ya ƙi buɗuwa. A zuci na ce, "Ya Yesu, na guje ka. Ko ba ka warkar da ni yau ba, nuna mini mene ne wannan."

Likitar ta yanki ɗan nama a bakina aka auna. Da sakamako ya fito ta ce a ɗauki hoton cikina. Mamaki ya kama ni. Na rubuta mata a takarda: "Likita, baki ke ciwo, me ya kawo ciki?"

Ta ce, "Malam Ishaku, ba kasafai ake ganin cutar nan ba. Wani lokaci ƙari ne ke ɓoye a ciki. Garkuwar jiki ta tashi yaƙarsa, sai ta rikice ta afka wa fatar baki."

Aka ɗauki hoton. Ga ƙari kamar ƙwan kaza, bai taɓa yi mini ciwo ba ko sau ɗaya! Na yi ta kallonsa ina tambayar kaina, tun yaushe kake nan?

Aka yi tiyata aka cire shi, ba mai yaɗuwa ba ne. Bakin bai warke nan take ba, sai da na yi wata biyar ina shan magani, har yanzu ma ana duba huhuna, don cutar kan taɓa huhu. Amma jiya na ci gasasshen kifi da barkono. Halleluya!

Na gode wa Ubangiji da ya ji addu'ar da ba ta fito daga baki ba. Ɗan'uwa, in ciwo ya ƙi jin magani, je a bincika, ka kuma riƙe Yesu. Abin da ke ɓoye a jikinka, shi yana ganinsa. Amin.