Ledar Bakin Jarka da Motar Tudun Hamma

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Mai girma shugaban wannan zama, Sarkin Noma Alhaji Dabo. Mai girma wakilin Hakimi, wanda ya taso mana tun daga Zango cikin wannan rana. Mai girma Dagacin Tudun Hamma, ranka ya daɗe. Malam Liman, Allah ya gafarta malam. Masu unguwanni da malamanmu, 'yan agaji da 'yan hisba. Iyayenmu mata da ke bayan zana suna saurare. Manoma da makiyaya, manya da matasa, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina godiya ga Dagaci da ya sa aka yi shela, ina kuma godiya a gare ku da kuka bar sharar gona kuka zo. Ga baƙinmu da ba su san ni ba, sunana Sada, fataucin shanu nake yi, kuma ni ƙungiyar ci gaban gari ta ɗora wa kula da motar al'umma, wato farar a-kori-kurar nan mai shan gas da kuke gani a gindin dalbejiya. Ba gwanin magana ba ne ni, kuma yau ko da gwani ne ni, maganar ba za ta fito da daɗi ba, domin hankalina a tashe yake. 'Yata Adawiyya tana gidana ta zo haihuwar fari, watanta ya kama, kuma likita a Daura ya ce ɗan a gicciye yake, kada a bari naƙuda ta yi nisa a gida. Motar da za ta kai ta ita ce nake so mu yi magana a kanta.

Abu na farko, mu tuna matsayin motar nan a wurinmu. Lokacin da aka ƙaddamar da shari'a, a nan wurin muka zauna muka yarda cewa ba za a ƙara goya matan aure a bayan babur ba. Mun yarda da zuciya ɗaya, ba kuma mu yi nadama ba. Amma tun daga ranar, duk macen da ciwo ya kama, duk tsohon da numfashi ya sarƙe masa, duk wanda maciji ya sara a gona, hanyarsa ta zuwa asibiti ɗaya ce, ita ce bayan motar nan. Yau kuwa motar ta zama abin da ba wanda zai rantse a kanta. Ta tashi lafiya lau, ta kama hanya lafiya lau, sai an shiga gargadar fadama ta fara tari, ta ja, ta saki, ta mutu murus. A yi ta murɗa makulli, ƙememe ta ƙi. A haƙura a zauna a inuwa, can a sake taɓawa, sai ta tashi kamar ba ita ba. Wata rana ta yi wannan tsiyar, wata rana ta kai Daura ta dawo ko tari ba ta yi ba. Da ta mutu gaba ɗaya ma da mun san inda muka dosa.

Kun san abin da ya faru da Murja matar Musaddiƙ kafin azumi. Da rana tsaka motar ta tsaya da ita a tsakiyar fadama, ba gida gaba ba gida baya. Mata suka kwance mayafansu suka kare ta a bayan mota, a nan ta haihu, ɗan bai zo da rai ba. Auta direba ya ce mini abin da ya fi ci masa rai shi ne, bayan komai ya wuce, ya taɓa makulli sau ɗaya ta tashi. Ban ce mota ce ta kashe ba, ajali na Allah ne. Amma Allah ɗin nan shi ya umarce mu da neman sababi, kuma Musaddiƙ yana zaune a nan, ina jin nauyin haɗa ido da shi.

Abu na biyu, abin da muka yi. Ba zama muka yi ba. An ce famfon mai ne, domin shi ke tura gas daga tanki zuwa inji, muka sauya famfo. An ce filta ce ta toshe, muka sauya filta. An ce waya ce ke sakewa, aka bi wayoyi aka ɗaure. Wasu suka ce baki ne, wasu suka ce akwai abin da ke zaune a fadamar nan, aka yi saukar Alƙur'ani, aka rataya laya a madubi, har yau tana nan tana lilo. Wasu kuma suka juya kan Auta, wai ba ya da hannu. Ku ji tsoron Allah, mutumin nan har rama ya yi. Duk lokacin da muka kai ta garejin Kalilu bakanike a Daura kuwa, sai ta zama amarya. Ya cika mata tanki, ya hau kwalta da ita ya nufi hanyar Katsina ya dawo, ya ce mini: “Alhaji, wannan motar ta fi ni lafiya.” Ni kuma in dawo da ita gida da ciwonta.

Abu na uku, kuma a nan nake roƙon ku buɗe kunne. Makon jiya na ce wa Kalilu ya bar kwalta, ya zo ya hau hanyarmu da irin man da muke tafiya da shi. Ya zo. Muna shiga fadama ta mutu. Bai taɓa inji ba. Ya zare tiyon da ke zuwa daga tanki, ya sa baki ya hura, ya ce a toshe yake. Ya sake hurawa da ƙarfi, muka ji tanki ya yi gurnani, hanya ta buɗe. Daga nan ya ɗauko jarka mai tsabta da man gidan mai, ya ɗaure ta a bayan mota, ya jona tiyo a cikinta kai tsaye, ya bar tanki gefe. Muka ratsa fadama, muka kai bakin kwalta, muka juyo, ba ta yi ko tari ba. Da muka dawo ya kwance ƙusar gindin tanki a kan roba. Jama'a, na ga ruwa, na ga yashi, na ga tsatsa, na ga tukar man gyaɗa. Sannan ya lanƙwasa waya ya zura ta bakin tanki, ya janyo wannan da nake riƙe a hannuna. Na baya ku miƙe ku gani. Leda ce.

Daga ina leda ta shiga tankin mota? Daga alherinmu ta shiga. Tun ranar da aka kawo motar nan muka ce ba ta haya ba ce, duk wanda ya are ta sai dai ya zuba mata mai gwargwadon hali, a matsayin godiya. Kowa sai ya ɗauki jarkar da ke gidansa, wadda jiya aka ɗebo ruwa da ita, shekaranjiya aka zuba man gyaɗa, ya je wurin 'yan bumburutu a auna masa. Don kada mai ya tsiyaye a kan babur, sai ya yagi leda ya shimfiɗa a bakin jarka kafin ya murɗa murfi, kamar yadda kowa yake yi. Gas yana cin ledar, wajen juyewa guntu ya bi mai ya faɗa. Kuma da yake kowa ɗan kaɗan yake zubawa, man kullum yana can gindin tanki tare da dattin. In an shiga gargada sai komai ya motsa, leda ta taso ta manne a bakin bututun da famfo ke zuƙa, mai ya yanke. In inji ya mutu zuƙa ta tsaya, ledar ta saki ta koma ƙasa, mota ta tashi. A kan kwalta da cikakken tanki ba abin da ke motsa ta, shi ya sa Kalilu bai taɓa kama ta ba.

Na tambayi Auta me ya hana shi tace man. Ya sunkuyar da kai ya ce: “Baba, dattijo ya zo da jarkarsa yana sa mini albarka, in shimfiɗa masa tsumma a gabansa kamar ya kawo ƙazanta?” Ban ga laifinsa ba. A garin nan ba a duba kyauta, ba a mayar da ita, haka aka rene mu. Kunya ce mai kyau, amma ta tsayar mana da mota a fadama.

Abu na huɗu, roƙona. Ina roƙo daga yau kada jarkar kowa ta ƙara kusantar tankin motar nan, ko ta Dagaci ce, ranka ya daɗe, ko tawa ce. Mai son godiya ya bi Auta gidan mai a Daura, a zuba a gabansa. Wanda aka mayar wa da jarkarsa kada ya ɗauka raini ne, hukuncin gari ne.

Roƙo na biyu ya fi nauyi. Kalilu ya ce dole a sauke tanki a wanke shi, domin bai san ledoji nawa suka rage a ciki ba, kuma ruwa ya riga ya ci famfon, sai an kai shi Kano an yi masa saiti. Motar za ta bar garin nan fiye da mako. Na san Mainasara ya sa ranar kai kayan ɗakin 'yarsa. Na san masu taki suna jiran ta kafin ruwa ya sauka. Na ji kuma wasu, don ƙaunar da suke mini, suna cewa a bari sai Adawiyya ta sauka. Na gode musu, amma ban yarda ba. In mun jira, damina ta shigo, fadama ta cika, kuma bayan Adawiyya akwai matan wasu da ke biye. Masu amalanken shanu, ina roƙon ku bar shanunku kusa da gida cikin kwanakin nan, dare da rana, ko za a buƙaci kai wani bakin kwalta.

In kun amince, gobe bayan sallar asuba motar za ta tafi Daura da jarkar Kalilu ɗaure a bayanta, kuma Adawiyya za ta bi ta, ta zauna a gidan gwaggonta kusa da asibiti. Mahaifiyarta ta so ta haihu a ɗakinta, ta tara itacen wanka tun kaka, ta yi kuka da na faɗa mata. Da ta share hawaye abu ɗaya ta tambaye ni: “Malam, in ta tsaya da ita a fadama fa?” Na ce an gwada jarkar ta yi. Ta ce sau nawa aka gwada. Na ce sau ɗaya. Tsoron nan yana raina har yanzu da nake tsaye a gabanku. Shugaban zama, ina roƙo a nemi amincewar jama'a kafin a tashi, Malam Liman kuma ya sa mu a addu'ar Magariba.

Allah ya jiƙan ɗan Musaddiƙ, ya sa mai ceto ne, ya ba Murja haƙuri da mai albarka a bayansa. Allah ya sauki duk mai ciki a garin nan lafiya. Allah ya ba Kalilu sa'ar aiki, ya tsare hannun Auta a kan hanya. Allah ya ja zamanin Dagaci, ya mayar da baƙinmu gidajensu lafiya, ya ba mu damina mai albarka. Ya Allah, gobe ka ratsa da 'yata fadamar nan.

Na gode.