Yakuwar Gwangwani a Gidan Abu Faisal

Kuɗin jirgina daga fadama suka fito. Bilki, ajiye wayar nan ki saurara, tunda ke ce mai cewa ko shara ce za ki je Jidda ki yi. Da aka raba gadon mahaifinmu, rabona ya faɗa kan wata fadama can ƙasan Haɗeja, wadda da damina ruwa ke kwanciya a kanta har ya yi gansakuka, da rani kuma ta yi fari fat kamar an watsa gari. Na yi makarantar koyon aikin gona, na yi malamar gona, saboda haka na san abin da ke hannuna: ƙasa ce mai kanwa, ba ta da mafitar ruwa. Wani makiyayi, Buba, ya taya, na sallama masa. Da bizar umra na shiga, na yi umrata, na ƙi komawa filin jirgi kamar yadda wasu da yawa suka ƙi.

A Jidda, a unguwar Sa'alaba, na sami ɗaki, a gidan wani mutum da ake kira Abu Faisal. Sunansa na yanka Usmanu. Bahaushen Sudan ne, amma in ka gaishe shi da Hausa sai ya karkata kai kamar ka yi masa Sinanci. Da safe jallabiya fara sol da carbi. In ya rufe ƙofa kuwa, ƙamshin daddawa ne ke fitowa ta tagar kicin ɗinsa.

Da ya ji na karanta aikin gona sai idonsa ya kawo haske. Ɗansa Faisal yana neman auren wata yarinya a unguwar Bagdadiyya, 'yar manyan mutane, kuma iyayenta za su zo ganin gida kafin su ba da amsa.

"Ya Hajja, hadika nake so," in ji shi, da Hausarsa da yake fitarwa kamar ana cire masa haƙori. Lambu ke nan, amma in ka ce lambu ka rage masa daraja. "Ciyawa kore, irin ta gidajen arewacin gari. Ki yi mini, ɗaki kyauta. Ba ki yi ba, halas."

Wadda ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama, ta san ma'anar halas ɗin nan: an gama. Ba ɗaki kaɗai za ta rasa ba. Ranar da ka kwana a titi da jaka a hannu, motar masu kama baƙi ce makwancinka na gaba.

Ban yi gaggawa ba. Na ari shebur na haƙa rami a tsakar gidan. Saman ƙasar ɓawo ne fari mai ƙaras-ƙaras. Ƙasansa laka ce toka-toka, a jiƙe tana kama yatsa kamar ƙaro, a bushe kuma sai a ce siminti. Zurfin bai kai gwiwar hannu ba ruwa ya fara tsattsafowa, na ɗanɗana, gishiri da bauri. Na matsa lemon tsami a kan ɓawon, ya yi kumfa. Sai na zauna a bakin ramin na yi dariya ni kaɗai. Na sayar da fadama na hau jirgi, na keta teku, ga ta nan ta riga ni zuwa.

Na yi masa bayani dalla-dalla. Na ce unguwar a kwari take, ruwan ƙasa yana kusa. Duk ruwan da aka zuba ba ya nutsewa, rana ce ke janye shi sama, ya tafi ya bar gishirin a fuska. Sai an haƙa magudana, an tayar da kunya mai tudu, an kawo yashi da taki.

"Magudana? A gidana? Ki mayar mini da gida kamar ƙauyenku?"

"Ammu," na ce, wato baffa, "ƙasar ce ba ta sha."

"Moya, ya Hajja, moya. Tsiro ruwa yake so. Wannan ma sai an je makaranta?"

Ya kira tankar ruwa, wadda suke ce wa wayit, ya sayo ciyawar nan da ake naɗowa kamar darduma, aka shimfiɗa. Kullum da la'asar sai ya tattare jallabiya ya riƙe tiyo da kansa, yana tsaye kamar mai ƙaddamar da madatsar ruwa. Tsakar gida ta zama tafki, sauro ya tare. Ciyawa ta yi rawaya, ta yi ja, ta kwanta. Farin ɓawo ya dawo ya fi da kauri. Ya ƙaro takin zamani, wanda shi ma gishiri ne a kan gishiri. Da abin ya ƙi, sai ya ce kambun baka ne, ya sa aka turara gidan.

A bakin layinmu akwai wani dattijo mai gasa gurasa, mutumin Afganistan. Na je saye da laka a ƙafata, ya duba ya tambaya. Da guntun Larabcina da guntun nasa muka fahimci juna. Ya ce a kwarinsu, inda sanyi ke daskarar da ruwa a tulu, in ƙanƙara ta narke kogi yakan malale filayen gefensa, ya kwanta ya ƙi tafiya. In ya janye sai ƙasa ta yi fari haka. Ba mai sa mata garma. Wata gajeriyar ciyawa mai gishiri ce ke fitowa, tumaki suke saki a kai, kuma ba su taɓa saya musu gishirin lasa ba. Ya miƙo mini gurasa ya ce, "Gaya wa mai gidan naku ya sayi tunkiya."

Ban gaya masa ba, ina son ɗakina. Abin da na yi, tun ranar da na ga ruwan ramin nan na fara tara gwangwanayen madara da na man girki. Na huda gindinsu, na cika da yashi da kashin awakin wata maƙwabciya, na jera a kan rufin soro. Irin da na zo da shi a ƙullin zane na shuka: yakuwa, rama, ɗan alayyafo. Ruwa kaɗan, da safe, ya zube ta ƙasa ya tafi abinsa. Suka yi kore shar.

Ana gobe baƙi za su zo Abu Faisal ya same ni a bakin famfo.

"Ki haɗa kayanki."

Na ce ya hau soro tukuna. Ya hau yana haki, ya tsaya ya daɗe.

"Wannan wane fure ne?"

Mutumin da aka yaye shi da miyar yakuwa! Na ce, "Na ƙasar waje ne, Ammu." Ban yi ƙarya ba.

"Yalla, a sauko da su."

Muka kwashe matacciyar ciyawa, muka binne gwangwanayen har wuya, muka rufe bakinsu da yashi. Ya ja mini kunne: in baƙi sun zo ba Hausa, ko tari zan yi in yi shi da Larabci.

Suka iso bayan la'asar. Uban yarinya da alkyabba mai bakin zinariya, mata cikin baƙaƙen abaya, ana ta ahlan wa sahlan. Ina gefe da tiren shayi. A bayansu akwai wata tsohuwa da sanda, kakar yarinyar. Abu Faisal yana nuna hadika yana cewa daga waje aka kawo masa irin. Tsohuwar ba ta kula shi ba. Ta sunkuya ta tsinki ganye, ta ɗaga niƙabi ta sa a baki. Ta tauna. Sai ta juyo ta dube ni.

"'Yar nan, yakuwa ce?"

Da Hausa, tsantsa, irin ta mutanen da. Uban yarinya ya ce, "Ya ummi," yana jan hannunta. Ta fizge.

"Sake ni, Garba. Rabona da ita tun ina yarinya, kafin mu taso daga ƙasar Hausa da ƙafa." Ta caka sandarta a ƙasa, ta ji ƙarar gwangwani, ta kankare farin ɓawon da ke gefe. "Ai na ce. Wannan ƙasar ba ta shuka ba ce, ta lasar awaki ce. Wa ya yi dabarar gwangwani?"

"Ni ce, Iya."

Na dubi mazan nan biyu, Usmanu da Garba, kowa ya sha alkyabba, kowa yana kallon takalminsa. Wata shida kowannensu yana ɓoye wa ɗan'uwansa abu ɗaya.

An yi auren. Amma washegarin zuwan baƙin Abu Faisal ya ce in bar masa gida, wai na tona masa asiri. Ban roƙe shi ba, don tsohuwar ta riga ta aiko da mota. Na tone gwangwanayena ɗaya bayan ɗaya, na bar masa ramuka cike da ruwan gishiri. A soron Iya a Bagdadiyya na zauna shekaru, ina shuka, matan Hausawa suna hawowa saye, har da matar Abu Faisal, a ɓoye. Da Iya ta rasu na tattara na dawo gida.

Na je na ga fadamar. Tana nan fara fat, ba wanda ya sa mata garma. Shanun Buba ne a kai, sun yi ƙiba suna sheƙi, suna lasar ƙasa. Ya ce ko ina so ya sayar mini? Na ce ya riƙe, ta sami mai ita.

To Bilki, in kin je ki gaishe mini da Usmanu, da Hausa. Kafin nan tashi ki zuba wa gwangwanayen can ruwa. Kaɗan, na ce.