Gaisuwa Ba Hujja Ba Ce

Mai girma shugaban taro, shugabar makaranta, 'yan kwamitin ilimi, 'yan'uwana malamai, ɗalibanmu iyaye mata da maza, da sauran jama'ar da suka cika wannan zaure, ina yi muku sallama irin ta mutunci: assalamu alaikum.

Ina godiya da aka ba ni damar magana kafin a yanke shawarar rufe ɗakin kwamfuta na makarantar manya, a mayar da karatun kowa cikin wayarsa. Sai dai ba zan ɓoye muku ba, raina a ɓace yake.

Na farko, an ce an yi bincike, wai ɗalibai sun gamsu da karatu ta intanet. Na bi diddigi, ashe kiran waya aka yi ta yi ana tambaya, "Yaya karatu?" Kowa ya ce lafiya lau, alhamdu lillahi, sai aka rubuta an gamsu. Jama'a, yaushe gaisuwa ta zama hujja? Mutumin da ke kwance a gadon asibiti ana yi masa ƙarin ruwa, in ka ce masa ya jiki, cewa zai yi da sauƙi. Haka iyayenmu suka tarbiyyantar da mu. Ɗalibanmu ba ƙarya suka yi ba, ladabi suka yi, mu kuma ga shi za mu ɗauki ladabinsu mu rufe musu ƙofa da shi.

Na biyu, ga abin da ke bayan gaisuwar. Ina da ɗaliba da muke kira Gwaggo, mai taimaka wa ungozoma a asibiti. An gaya mata in ba ta ci jarrabawar bana ba, a bakin aikinta. Na je gidanta na tarar da ita tsaye a kan benci, ta miƙa wayar mijinta ta taga, don nan kaɗai sabis ke kamawa. Sai da muka zauna, ta kawo ruwa, muka gama tambayar yara da jikoki, sannan ta ce, "Malama, bakin malamin nake gani a waya yana motsi, maganar sai ya wuce take isowa. Ranar da na je ɗakin kwamfuta kaɗai nake gane karatu."

Na tambaye ta dalilin da ba ta faɗa wa mai kiran ba. Ta ce ai bawan Allah gaishe ta ya yi, ta amsa, ya kashe.

Saboda haka ina roƙon kwamiti ya dakata. A je gidajen, a zauna, a ga wayoyin, a ji bakin masu karatun, sannan a yi doka. Gwaggo tana nan a layin baya. Kafin ku ɗaga hannu ku rufe ɗakin, ku tambaye ta, ku kuma daure ku jira har ta gama gaisawa.

Allah ya ba shugabanninmu kunnen sauraro, ya ba ɗalibanmu nasara, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode.